Man da Ba a Matsa Ba

Ran kasuwar Jahun na sauka ƙauyenmu
da cokula gasassu, naɗe cikin takarda,
da 'yan kwalabe masu lamba a murfi.

Malam Barau na ban ruwa a fadama.
Ya hango ni durƙushe a gindin rakensa
ina ɗiban ƙasa kamar mai haɗa laƙani.
Ya ce, "Ɗan Uwale, wa za a yi wa asiri?"
Na ce mai nake nema.
Ya dubi cokalin, ya dube ni:
"Masu injin haƙa ma sai sun sha wuya,
kai da ludayin jarirai ka zo?"

Ban san yadda zan gaya masa ba
cewa a tsunkule ɗaya na ƙasarsa
akwai jama'a da ta fi ta kasuwar yau,
ba ƙafa, ba baki,
dangin yis ɗin nan mai kumbura fanke.
Cikinsu akwai 'yan tanadi:
ka cika su da zaƙi, ka rage musu sauran cima,
sai tsoron gobe ya kama su,
su shiga tara maiƙo a ciki
kamar ragon da aka turke tun watan Azumi.

Na ɗiba a gindin mangwaro, inda ruɓaɓɓu ke faɗuwa,
na ɗiba a jujin masu mazarƙwaila,
bakin rijiya, turken shanu.
Da la'asar kwalba ɗaya ta rage,
don kada ta koma fanko
na zaga bayan ɗakin Iya Tasalla,
inda ta shekara arba'in tana matsar gyaɗa.
Ƙasar wurin baƙa ce, tana naso,
damina ba ta taɓa wanke ta ba.

Bara waccan ta rasu.
Turmin na nan a kife.

A Dutse na dama, na tsarma, na ƙara tsarmawa,
na shafa a faranti, na rufe, na jira.
Kwana huɗu, wuta ta ɗauke sau takwas.
Faranti tara suka yi funfuna, gashi kore shar,
na zubar, na wanke, ban yi magana da kowa ba.
Rake ya ba ni farare, da yawa, ramammu.
Mangwaro ya ba ni masu ƙamshi, ba kitse.

Sai lamba talatin da ɗaya.
Ɗigo-ɗigo, launin goron da aka tauna,
suna sheƙi kamar goshin mai suya.
Na ɗiga baƙin rini, na kafa ido a madubi,
Hansatu na haska min da fitilar waya.
Ga su nan, jere, kumatu cike,
kowace ƙwaya da idon mai a cikinta,
biyu, uku,
irin wanda ke yawo a kan romo.
Na ce, Hansatu, zo ki gani ko idona ne.
Ta duba. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Muka shanya, muka auna.
Cikin kashi goma, kusan uku mai ne.
Malamina ya ce kada a yi guɗa tukuna,
a sake, a kuma sakewa,
abin da ya zo sau ɗaya baƙo ne.

Duk abin da na tatsa a wata biyu
ba zai soya ƙosai ɗaya ba.
Haka na kai wa Malam Barau a 'yar kwalba.
Ya buɗe, ya sansana: "Ba ya ƙamshin gyaɗa.
Me suke ci?"
Na ce ɓawon rogo, da ruwan raken da ake zubarwa.
"Ashe kiwo kake yi," ya ce, "ba haƙa ba."

Ya mayar da murfin a hankali.
"Gobe ka zo da cokalin naka.
Gindin ɗorawar can Tasalla ta fara suya
kafin a gina mata ɗaki."